Gwaggo Mintsini, Wadda Ta Koya Mana Sunayen Ciwo

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, mai jinya da mai ba da magani duka. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Mintsini, tsohuwar nas, uwar matan benci na asibiti. Ina tsaye ina guga Maman 'Yan Biyu ta bugo mini waya. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Gwaggo ta tafi." Na ajiye dutsen guga a kan rigar maigidana, ban tuna da shi ba sai da ƙauri ya cika ɗakin.

Gwaggo, da ke zan yi magana, don ban saba yin zancenki a bayan idonki ba.

Na fara ganinki a sashen masu ciwon sikila, a wannan doguwar baranda mai benci biyu, inda fanka ke juyi ba ta ba da iska. A lokacin 'yata Kyauta tana da shekara shida. Yayanta ya riga ya rasu da wannan ciwo, saboda haka idona kullum yana kan ƙirjinta, ina duban yadda yake hawa da sauka. In ta yi tari sai in firgita. In ta yi shiru ma haka. Babanta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, ni ce mai kai ta asibiti. Likitocin kuwa da Turanci suke aiki. Akwai tafinta, mutumin kirki, amma shi kaɗai ne ga baranda guda, ba zai tsaga kansa ya shiga kowane ɗaki ba. Ni kuma ban san ko harafi ɗaya ba a lokacin. Kalmar Turanci ɗaya tak na tsinta a bakin mutane, ita ce pain, wato ciwo. In na shiga wurin likita sai in nuna yarinyar tun daga kai har ƙafa, in ce, "Pain, likita, pain." Sai in fashe da kuka. Iyakar bayanina ke nan.

Kina zaune a ƙarshen benci da baƙar jakarki a cinya, ga sanda, ga tabarau mai igiya, ƙafafunki a kumbure. Na ɗauka ke ma layi kike bi. Ashe kin daɗe da ajiye aiki, amma ranar ganin likita ba ta wuce ki. Da na fito kika yafito ni.

"Ke mai kuka, zo nan. Me kika gaya wa likita?"

Na ce, "Na ce masa ciwo take ji."

Kika ce, "Wannan ai ko akuya ta iya faɗa."

Kafin in buɗe baki kin kama damtsena kin mintsine ni. Kika ce me na ji, na ce zafi. Kika zaro sabon tsinken sakace daga jaka kika ɗan soke ni a yatsa, kika sake tambaya, na ce zafi. Kika lakato man zafi kika shafa mini a bayan hannu, na sake cewa zafi. Sai kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Ke da harshen da kika tsotsa ma kalma ɗaya gare ki? To, mu fara da Hausar tukuna, Turanci ya jira." Matan benci suna ta dariya a cikin mayafi, don duk an yi musu. Ranar na gane inda kika samo sunanki.

Haka kike koyarwa. Ba ki yarda kalma ta shiga kunne kawai ba, sai ta bi ta fata. A jakarki akwai tsinke, da tsumma, da dutse mai santsi kamar ƙwan agwagwa, da robar ɗaure kaya, da kwalbar man zafi. Kika tuna mana cewa muna da suka, muna da zogi, muna da raɗaɗi da murɗa da tsami, mun bar su a gida muna zuwa asibiti da kalma ɗaya. Sai da kowace ta zauna a bakinmu kika ba mu ta Turanci.

Kin ce pain ita ce uwar gida, kowane ciwo a ɗakinta yake kwana, amma likita 'ya'yan yake nema. Sai ki ɗora wa mace dutsen nan a gwiwa ki danna, ki ce wannan shi ne ache, ciwon da ya zo ya ajiye jakarsa, ba ya gaggawa, ba ya tafiya, irin zogin da ke cin ƙashin yaranmu. Tsinke shi ne sharp, suka, kalmar da suke faɗa wa wuƙa mai kaifi. Tsumma in kin murɗe shi kamar mai matse wanki, cramp ke nan. Robar da kike ɗaura mana a yatsa har ya yi ja ita ce tight, abin da ya matse ya hana sakewa. Inda kika mintsina kuwa, in an kwana aka taɓa aka ji tsami, kin ce sore ne, ciwon da ba ya magana sai an tsokane shi. Kin gaya mana yara sun fi cewa hurt, kuma da ita ake faɗin maganar da ta sosa zuciya. Har kika ce masu Turanci in mutum ya cika fitina sukan kira shi ciwon wuya. Wata ta ce, "Kamar wa, Gwaggo?" Kika ce, "Kamar mijin Maman 'Yan Biyu." Ita kuwa ta ce, "Wallahi Gwaggo har da kafaɗa."

Mun yi dariya a wannan baranda fiye da yadda mutum zai zata. Wanda bai zauna a can ba ba zai san darajar dariyar ba.

Ke ce kika fara rubuta mini kalma a tafin hannu da biro. Haruffa huɗu ne, na hana ruwa taɓa hannun har washegari. Na iya rubuta pain kafin in iya rubuta sunana. Da kika ga ina lallaɓa hannun kamar mai riƙe da ƙwai, sai kika ce tafin hannu ba allo ba ne, kika tura ni ajin manya da ake yi a makarantar firamare bayan yara sun tashi. Na kusa arba'in a lokacin. Kujerun na yara ne, gwiwata tana dukan tebur. Baban Kyauta da ya ji sai ya ce, "Yanzu kuma boko za a yi da furfura?" Na kawo miki ƙararsa, kika ce in rabu da shi, bayansa ne zai kawo shi. Haka kuwa aka yi. Wata rana ya dawo daga tafiya yana dafe da ƙugu, ya ce, "Malama, wannan na bayan nawa yaya sunansa?" Tun daga ranar shi ke sayo mini biro.

Amma akwai abin da na riƙe ki da shi a zuciya, gara in faɗa tunda ke ma ba kya ɓoye magana. Kin ƙi yi mana tafinta. Kin iya Turanci kamar ruwa, likitoci suna tashi su gaishe ki, amma in layin mace ya zo sai ki raka ta bakin ƙofa, ki tura ta ciki, ki tsaya a waje. In yaro ya galabaita, wannan daban, ke ce ta farko da za ki miƙe da sandarki ki shige gaba. Amma ranar da ganin likita ne kawai, ko an yi miki kuka ba kya shiga. Ranar da kika fara yi mini haka na roƙe ki da girman Allah, kika ce, "Shiga, ina nan." Na shiga, kalmomin suka watse kamar kaji sun ga shaho. Na fito gumi ya jiƙa mini riga. Na ɗauki 'yata na koma ɗaya bencin, na yi makonni ba na gaishe ki.

Ba ki bi ni ba, ba ki kuma ba ni haƙuri ba. Sai wata rana kika kira Kyauta kika ba ta lemo biyu, kika ɗaga murya yadda zan ji, kika ce, "Kai wa uwarki ɗaya, ki ce mata fushi ba ya cikin abin da na koya mata." Da na dawo kusa da ke ina sunkuyar da kai, kika ce, "'Yar nan, ni tsohuwa ce, gidana kuma da nisa. Ciwon 'yarki ba zai tambayi inda nake ba kafin ya tashi." A raina na ce tsohuwar nan taurin kai ne da ita kawai.

Kyauta tana da wani hali da ya fi komai tsorata ni. In ciwo ya tashi sai ta rufe baki ruf, ko uffan, sai hawaye. Na gaya miki, kika ce wanda ba ya magana yana da hannu. Kika sa na nemi gwangwanin madara na zuba irin kayan jakarki a ciki, na koya mata yadda kika koya mini, amma ban da mintsini. Daga nan in ciwo ya zo sai in buɗe gwangwani a gabanta, ta ɗauki abin da ya yi kama da abin da take ji, ta ɗora a inda take ji. Kusan kullum dutse take ɗauka, ta ɗora a ƙafa ko a hannu. Mun san wannan, mun san maganinsa, mun san yawan ruwan da za ta sha da bargon da za a lulluɓa mata.

Sai ranar da ba ta ɗauki dutse ba.

Tana da shekara goma sha ɗaya. Asabar ce da hantsi. Babanta yana hanya, ke kuma kin yi tafiya, autarki ta haihu. Yarinyar ta kwana biyu da zazzaɓi, na zaci irin wanda muka saba ne. Na buɗe gwangwani, ta ture dutsen da bayan hannu. Ta ɗauki tsinke ta kafa a haƙarƙarinta na dama, ta ja numfashi kaɗan ta runtse ido. Sannan ta ɗauki roba ta ɗora a tsakiyar ƙirji. Ban tsaya neman takalmi mai kyau ba, na goya ta, ga ta doguwa ƙafafunta suna dukan cinyata, na tare mota.

Ɗakin gaggawa a cike yake. Tafinta ba ya zuwa ranar Asabar. Likitar da muka samu sabuwa ce, yarinya ce ma, idonta ya yi ja don gajiya, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Ta duba kati ta ga sikila, ta ga yarinya tana hawaye, ta tambaye ni ko ciwo ne, na gyaɗa kai. Ta fara rubuta maganin zogi, abin da aka saba ba mu, ga wasu a bayanmu suna jira. Na waiwaya na dubi ƙofa, inda kika saba tsayawa. Babu kowa sai wani mai goge ƙasa. Na tuna yayanta. Sai na sa hannu na dafa takardar da take rubutu a kai, ni da ko idon likita ban taɓa iya kallo ba.

Na ce, "Not ache, doctor. New pain. Sharp, here, when she breathe. Chest tight."

Abin da na gaya mata shi ne, wannan ba zogin da muka saba ba ne, sabon ciwo ne, suka ne a nan in ta ja numfashi, ƙirjin kuma a matse yake. Likitar ta ajiye biro. Ta sa abin sauraro a bayan yarinyar, ta daɗe tana ji, ta ɗaga kai ta kira nas biyu. Kafin in ankara an sa mata robar iska a hanci, an tura ta ɗaukar hoton ƙirji, an aika neman jini. Ranar Litinin, da tafinta ya dawo, likitar ta sa ya gaya mini cewa ciwon ya sauka a huhu ne, irin wanda ba ya jira, kuma bayanin da na yi ya rage musu hanya. Ta riƙe hannuna biyu ta ce da Turanci, "Mama, kin faɗa daidai." Wannan ban bari tafinta ya fassara ba, na ji da kaina.

Kyauta ta tashi. Da ƙafarta ta fita daga asibitin nan, tana mitar wai abincinsu ba gishiri.

Da kika dawo daga tafiya labari ya riga ni isa gare ki. Ina shigowa baranda kika buga sanda a ƙasa kika ce kowa ya yi shiru. Kika sa na tsaya a tsakiyar benci biyu, kika ce in maimaita abin da na faɗa, kalma bayan kalma. Na maimaita. Mata suka ɗauki tafi har wata nas ta leƙo ta ce nan fa asibiti ne. Ke kuwa kika taɓe baki kika ce, "Turancin nan naki gurgu ne, amma ya je inda aka aike shi." Sai kika cire tabarau kika juya wa mutane baya, kika daɗe kina goge shi da bakin mayafi. Duk mun gani.

Ba ni kaɗai ba ce. Maman 'Yan Biyu, wadda da can in an tambaye ta sunanta sai ta dubi mijinta, yau ita ke tsayawa ta tambayi likita dalilin canza magani. Akwai mai sayar da kayan miya da ta zo ba ta iya riƙe biro ba, yanzu ita ke karanta wa maƙwabta abin da ke jikin kwalba. Akwai kuma waɗanda duk da haka Allah Ya karɓi 'ya'yansu, don kalma ba ta hana ajali. Waɗannan ke ce ta farko a gidajensu, ki zauna kusa da uwar ki riƙe mata hannu, kuma ban taɓa jin kin ce da an yi kaza ba. Abu ɗaya ne ba kya ɗauka: a ce a gaban yaro wai ba mai zama ba ne. Na ga ranar da wata kaka ta faɗi haka a baranda. Kika ce mata, "Hajiya, ke da wa kika yi alkawarin zama?" Ba ta ƙara ba.

Ba kya karɓar kyauta. Na taɓa kawo miki turmin atamfa bayan tashin yarinyar, kika juya shi kika yaba zanen, kika ce in kai wa tela ya ɗinka mata riga mai dogon hannu saboda sanyi. Na ce ai don ke na saya. Kika ce, "In kina son biyana, ga sabuwa can a ƙarshen benci tana kuka, je ki mintsine ta."

Ganina da ke na ƙarshe, kina kwance a ɗakinki, jiki ya yi sanyi, murya ta yi ƙasa. Na zauna a bakin gado, tsoro ya kama ni irin na da. Na ce, "Gwaggo, ina ne ke miki ciwo?" Kika buɗe ido ɗaya kika ce, "Ke likita ce?" Sannan kika tambaye ni ko Kyauta tana shan ruwa yadda ya kamata a makarantar da take, ko kuwa ta zama 'yar gayu ta bari. Na ce tana sha. Na ce ita kaɗai take zuwa ganin likita yanzu, ta hana ni raka ta, ni kuwa ba na iya zama sai ta bugo waya. Kika ce, "Bar ta. Ke ma haka aka yi miki." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar zaman makoki gidanki ya cika da matan da danginki ba su sani ba. Wasu da goyo, wasu da samari da 'yan mata a bayansu, har tabarma ta ƙare aka aro a maƙwabta. Ina kusa na ji babbar 'yarki tana tambayar ƙaninta, Injiniya, a hankali, "Waɗannan daga ina?" Ya ce, "Wai 'yan asibiti ne." Na so in matsa in yi musu bayani, amma kuka ya hana ni. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Yanzu gare ku nake, 'ya'yan Gwaggo. Na san kun sha yi mata faɗa a kan zuwa asibitin nan da kumburarrun ƙafafu. Ita da kanta take ba mu labari, tana kwaikwayon muryarku. Kun yi abin da 'ya'yan kirki ke yi, kada ku sa wa ranku komai. Amma ku sani ba zaman kashe lokaci take zuwa ba. Ta samu mata a baranda bakinsu a ɗaure, ta kwance shi, kuma akwai yaran da ke yawo a duniya yau ta dalilin haka. Ina yi muku ta'aziyya, ku da auta da ba ta samu isowa da wuri ba, da jikoki, da ƙannenta, da surukai, da maƙwabtan da suka yi jinyarta. Ina yi wa matan benci ta'aziyya, don mu ma uwa muka rasa. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya haɗa kanku a bayanta.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata kabarinta, Ya haskaka shi, Ya sanyaya mata makwanci. Duk uwar da ta buɗe baki a gaban likita ta ceci ɗanta, Allah Ya kai ladan gare ta. Ya sa ta a gidan da babu zogi, babu suka, babu raɗaɗi, Ya sada ta da yaran da ta yi wa rakiya. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Ban ba kowa takardar nan ya kawo muku ba sai Kyauta. Shekararta ashirin yanzu, ta fi ni tsawo, kuma an taɓa gaya mini ba za ta kai goma ba. Kafin ku ninke takardar, ku ɗaga kai ku dube ta da kyau. Allah ne Ya raya ta, amma ta hannun mahaifiyarku Ya bi.

Allah Ya yi mata rahama. Amin.

Maman Kyauta